Nazarin Lamari: Tela a Zariya, Ƙwayoyin Kemis da Neman Girman Nono da Furojestaron

Asalin lamarin

Mai wannan lamari tela ce a Sabon Garin Zariya, shekararta 26 lokacin da abin ya fara a 2021. An haife ta namiji, da sunan namiji aka yanka mata rago, kuma da shi ake kiranta a gida da kasuwa har yau. Tun tana ƙarama take jin kanta mace, ƙawayenta kuwa da "ke" suke mata magana. Haka ta roƙi a rubuta labarinta, haka aka rubuta. Binciken asibiti daga baya ya nuna ba mata-maza ba ce: halittar jikinta ta namiji ce cikakkiya, maraina suna aiki yadda ya kamata.

Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga, ba a san wani a danginta da jini ya taɓa daskare masa a jijiya ba. Nauyinta kilo 64. Tana shan sigari kara 5 zuwa 6 a rana, tana wuni a zaune kan keken ɗinki.

Awon da za a gani a nan daga littafinta na ɗinki aka ciro shi. A shafin ƙarshe, bayan awon masu kawo mata aiki, ta riƙa rubuta nata duk farkon wata: zagayen ƙirji a ƙarƙashin nono, da zagayensa ta kan nono. Tazarar da ke tsakanin awon biyu ita ke nuna girman nonon. A Agusta 2021 ƙasan inci 34 ne, saman 35 da rabi, tazara inci 1 da rabi.

Ba ta je asibiti ba kafin ta fara. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairu 2014 ba ta yi maganar shan homon (sinadaran da ke ba jiki surar mace ko ta namiji) ba, amma tsoron da ta bari ya wuce abin da ke rubuce cikinta. A Zariya kuma, inda da wuya ka shiga layin ganin likita ba ka ci karo da wanda ya san gidanku ba, abin kunya ya fi kotu ba ta tsoro.

Agusta 2021 zuwa Agusta 2022: ƙwayar tazarar haihuwa

Uwar ɗakinta, wata mai sayar da abinci da ta girme ta da kusan shekara goma sha biyar, ita ta nuna mata hanya. "Ƙawa, ki je kemis ki ce matarki ce ta aike ki," in ji ta. Babu wanda ya nemi takardar likita. Ta sayi ƙwayar tazarar haihuwa irin ta Microgynon, ta fara da biyu a rana, bayan wata biyu ta koma uku.

Kowace ƙwaya ɗaya tana ɗauke da sinadari biyu: etinil-estiradiyol maikirogiram 30, wanda istirojin ne (homon ɗin mata) na haɗi, da lebonojestirel maikirogiram 150, ɗan gidan furojestaron (wani homon ɗin mata) na haɗi. Ke nan kullum tana haɗiye maikirogiram 90 na etinil-estiradiyol, ninki uku na abin da aka tsara wa mace mai son tazarar haihuwa. Likitocin homon sun daɗe da daina ba masu sauya jinsi wannan sinadari. Yana sa hanta ta ƙara fitar da abubuwan da ke daskarar da jini fiye da yadda estiradiyol na asali (istirojin irin na jiki) ke yi, kuma gwajin jini na yau da kullum ba ya iya auna shi. Wani bincike da aka wallafa daga Amstadam a 2011, wanda ya bi irin waɗannan mutane shekaru masu yawa, ya gano masu shansa sun ninka sauran kusan sau uku wajen mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini.

A Oktoba kan nono ya fara zafi, wani ƙululu mai tauri ya fito a ƙarƙashinsa. Littafi ya nuna tazara inci 2 a Disamba 2021, 2 da rabi a Fabrairu 2022, 2 da kwata uku a Afrilu. Daga nan abin ya yi sanyi. A Agusta 2022, shekara ɗaya cif, tazara inci 3 ce, kuma wata uku ke nan tana rubuta lamba iri ɗaya.

Wannan tsayawa ita ta tayar mata da hankali, alhali irin tafiyar da aka saba gani ke nan. Wani bincike na asibitocin Turai da aka wallafa a 2018 ya auna mutum 229 a shekararsu ta farko kan homon. Tazarar ta ƙaru da santimita 3.7 a matsakaici, mafi yawa a wata shida na farko, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ne kawai nononsa ya kai cika bireziya mai lamba A. Ƙarin da telar ta samu, inci 1 da rabi, santimita 3.8 ne. Babu wanda ya faɗa mata haka a lokacin.

Satumba 2022 zuwa Maris 2023: neman furojestaron

A wayarta ta karanta cewa istirojin tsiro kawai yake sa nono ya yi, furojestaron ne ke cika shi ya zagaye. Maganar tana da tushe. A jikin budurwa istirojin ne ke shimfiɗa hanyoyin ruwan nono ya tara kitse, furojestaron kuma, wanda ke zuwa bayan an fara haila, shi ke gina ƙananan jakunkunan da ke ƙarshen hanyoyin. Wata likita a Kanada, Jerilynn Prior, ta wallafa maƙala a 2019 tana kira a riƙa ba masu sauya jinsi furojestaron, kuma maganarta ta yaɗu sosai. Sai dai hujjarta ta fi dogara kan yadda jikin mace ke aiki, ba kan gwajin da aka auna nonon masu sauya jinsi ba. A cikin wannan wata na Satumba 2022 ƙungiyar WPATH, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiyar irin waɗannan mutane, ta fitar da kundinta na takwas, inda ta ce ba ta samu ingantacciyar shaida kan amfanin ƙara shi ba.

Akwai kuma abubuwa biyu daga ɗakin likitan mata da suka saɓa wa abin da ta karanta. Matan da aka haifa jikinsu ba ya jin testostaron (homon ɗin maza) sam, ba su da mahaifa ba su da ma'ajiyar ƙwai, ba sa fitar da furojestaron na a zo a gani, amma nononsu yana cika sosai. Sannan 'yan matan da ke da lalurar Turner (lalurar haihuwa da kan hana balaga zuwa da kanta), waɗanda ake tayar musu da balaga da magani, da istirojin kaɗan ake fara musu, a jinkirta furojestaron kusan shekara biyu ko sai jini ya fara zuwa, don ana tsoron saurin ba da shi ya tauye surar nonon.

Ta koma kemis ta nemi furojestaron da sunansa. Aka ba ta Primolut N, maganin da mata ke sha don jinkirta haila lokacin azumi ko aikin Hajji. Abin da ke cikinsa noretisteron ne miligiram 5. Ba furojestaron na asali ba ne. Daga gidan testostaron aka samo shi, kuma jiki yana juya wani ɓangarensa ya koma etinil-estiradiyol, kimanin maikirogiram 4 zuwa 6 a kowane miligiram. Ƙwaya biyu a rana da take sha sun ƙara mata wajen maikirogiram 50 a kan 90 ɗin da take kai. Ta yi wata uku a haka. Ƙuraje suka feso mata a fuska, tazara ba ta motsa daga inci 3 ba.

A Disamba ta bar shi ta koma allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wato Depo-Provera miligiram 150, mai ɗauke da medroksi-furojestaron, shi ma ɗan gidan furojestaron na haɗi. Wani yaron kemis ne ke yi mata, kuma ba wata uku-uku ba, duk wata: Disamba, Janairu, Fabrairu, Maris. Ƙwayar tazarar haihuwa uku a rana tana nan ba ta fasa ba.

Wannan karon ta ga canji. Riguna sun matse ta, gemu ya rage saurin tsirowa, domin wannan allura tana danne testostaron ƙwarai. A Maris 2023 awon sama ya kai inci 39 da kwata. Amma na ƙasa ma ya tashi daga 34 zuwa 36, nauyi ya koma kilo 71. Tazara inci 3 da kwata. Ta fara kwana ba barci, ta daina zuwa biki, takan zauna gaban keke ta rasa abin da ya sa take hawaye.

Afrilu 2023: ƙafa ta kumbura

Azumin wannan shekara ya kama ranar 23 ga Maris, cikin tsakiyar zafin bazara. Duk wanda ya san shagon tela a goman ƙarshe ya san ba a tashi: daga bayan buɗa-baki zuwa sahur, a ɗan runtsa, a koma. Ruwa kaɗan, sigari da dare fiye da kullum.

Ranar 14 ga Afrilu sha-raɓar ƙafarta ta hagu ta fara ciwo kamar jijiya ta riƙe. Ta ce taka keke ne. Ta sha diklofenak, maganin ciwon jiki, ta sa yaron shago ya murza mata da man zafi. Kwana uku bayan haka ƙafar ta kumbura har idon sawu. Aka kira wanzami ya yi mata ƙaho, ba ta ji sauƙi ba. Kayan Sallar mutane na jibge, don haka ta ɗaure ƙafar da ƙyalle ta ci gaba da aiki. An yi Sallah ranar Juma'a 21 ga wata. Sai ranar 24 yayarta ta sa ta a Keke Napep zuwa wani asibiti mai zaman kansa.

Zagayen sha-raɓar hagu ya fi na dama da santimita 4, da ɗumi, da zafi in an danna. Bugun zuciya da numfashi lafiya. Likita ya tambayi ko tana shan wani magani, ta ce maganin ciwon jiki kawai. Da ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta ya ga abin da ya gani, sai ya ce wa yayar, "Hajiya, ɗan ba mu wuri." Ya rufe ƙofa ya ce, "Ba wa'azi zan yi ba, ba kuma wanda zai ji daga bakina. Ina son in san abin da ke cikin jinin nan kafin in rubuta magani." Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin mara lafiya, amma ita ba ta taɓa jin haka ba. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Likita, ƙwayar mata nake sha." Washegari ta kawo fakitocin a baƙar leda, da littafin awo.

Hoton sikanin na jijiya ya nuna gudan jini a babbar jijiyar da ke bayan gwiwa. Haɗarin irin wannan gudan shi ne ya ɓalle ya bi jini ya toshe huhu, shi ya sa ba a murza irin wannan ƙafa. Aka fara mata ribaroksaban, maganin hana jini daskarewa, miligiram 15 sau biyu a rana na kwana 21, sannan miligiram 20 sau ɗaya. Aka ce ta tsayar da duk wani homon nan take.

Mayu zuwa Oktoba 2023: wata shida da aka hana ta homon

Kuɗin ribaroksaban ya fi ƙarfinta, a ƙarshen Mayu aka mayar da ita kan wafarin, wani maganin mai irin wannan aiki. Shi yana da araha, amma yana son gwajin INR, mai auna saurin daskarewar jini, a kai a kai, a riƙe shi tsakanin 2 da 3. Sau biyu lambar ta faɗi ƙasa da 2, kuma duka biyun sun zo a makon da ta yawaita cin kwaɗon zogale, don ganye yana da bitamin K mai rage ƙarfin maganin. Ba a hana ta ganye ba, an ce ta daidaita cinsa kada yau tuli gobe babu. An hana ta diklofenak da ƙaho. Kumburi ya sauka cikin mako shida.

Wahalar tana wani wuri. Allurar ta ɗauki watanni kafin ta bar jiki, a tsakanin nan ba istirojin ba testostaron, sai zufa da zafin jiki da ke taso mata cikin dare. Wajen Yuli testostaron ya fara dawowa, gemu ya dawo da ƙarfinsa. Nauyi ya sauka zuwa kilo 67, tazara ta koma inci 2 da kwata uku. Nonon bai ɓace ba, domin naman da istirojin ya gina ba ya komawa, amma ya saki.

A ƙarshen Yuli ta koma kemis a ɓoye ta sha ƙwayar tazarar haihuwa na mako biyu. Ita da kanta ta faɗa wa nas ranar gwajin jini: "Sista, na koma. Ban iya kallon madubi." Umarnin "ki daina kawai" ya riƙe wata uku.

Likitan ya tuntuɓi wani abokin aikinsa masanin homon, ba tare da ambaton suna ba. Abin da ke gabansu shi ne mutum mai tarihin daskarewar jini da za ta sha istirojin ko da yardarsu ko babu, kuma wanda hannunta ke kaiwa shi ne mafi haɗari. Suka yi yarjejeniya da ita: ta cika wata shida kan wafarin ba homon, ta bar sigari, sannan a duba hanya mafi sauƙin haɗari. Ta bar sigari a Satumba, bayan faɗuwa sau ɗaya.

Nuwamba 2023 zuwa ƙarshen 2024: sauya hanya

Sabon sikanin ya nuna jijiyar ta buɗe. Aka fara mata estiradiyol na shafawa a fata, ƙaramin awo, tare da sifironolakton don danne testostaron. Dalilin zaɓen na shafawa shi ne ba ya bi ta hanta kai tsaye kamar na haɗiya. Binciken ESTHER da aka yi a Faransa kan matan da suka daina haila, wanda aka wallafa a 2007, ya nuna istirojin na haɗiya ya ninka haɗarin daskarewar jini kusan sau huɗu, na fata kuwa bai ƙara shi ba. Duk da haka aka bar ta kan wafarin muddin tana shafawa.

Abin da ake nema, bisa ƙa'idar ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta 2017, shi ne estiradiyol tsakanin 100 da 200 a ma'aunin pg/mL, testostaron ƙasa da 50 a ma'aunin ng/dL. A Fabrairu 2024 nata 74 da 130 ne. Aka ɗan ƙara awo. A Mayu suka zama 128 da 41. Ana duba fotashiyam da aikin ƙoda duk wata uku saboda sifironolakton. Samun man shafawar ya yi wuya a Zariya, sau da yawa sai an aika Kaduna ko Kano, kuma sau ɗaya ta yi mako uku babu.

Ta sa ƙararrawar waya tana tayar da ita daga kan keke duk awa. Barci ya dawo. Tazara ta kai inci 3 a Yuni 2024, 3 da kwata a Disamba, nauyi kilo 66, awon ƙasa inci 34 da rabi.

Agusta 2025: tambayar ta dawo

A Yuli 2025 masu bincike daga Amstadam suka gabatar da sakamakon wani gwaji a taron likitocin homon a Amurka. Sun raba mutum 90 rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, wasu kan estiradiyol kaɗai, wasu da ƙarin furojestaron na asali miligiram 200 ko 400, suka auna girman nono da na'urar hoto tsawon shekara. Masu shan furojestaron sun samu ƙari, mafi yawansa kusan kashi 30 cikin 100, a rukunin da aka haɗa wa babban awon furojestaron da ƙarin estiradiyol. Gajiya, zafin nono da sauyin yanayin zuciya su ne illolin da aka fi gani.

Ta zo da labarin a waya. "Likita, ka ga ashe gaskiya ne."

Ya ce mata akwai gaskiya a ciki, ya kuma nuna mata inda gwajin ya bambanta da ita. Waɗanda aka gwada an riga an cire musu maraina, ita ba a cire ba. Furojestaron na asali aka ba su, irin na Utrogestan, ba noretisteron ba, ba allurar wata uku ba. Mutum 90 cikin shekara ɗaya sun yi kaɗan su nuna haɗarin daskarewar jini ko kansar nono. Rukunin da ya fi samun ƙari kuma shi ne wanda aka ƙara wa istirojin, abin da ba za a yi wa mai tarihinta ba. Sannan ya zana mata lissafi a takarda: kashi 30 na ƙaramin nono ƙarami ne, wataƙila tef ɗinta ma da kyar ya kama shi.

Shawarar ba mai sauƙi ba ce, domin binciken ESTHER ɗin nan bai ga furojestaron na asali ya ƙara daskarewar jini ba. Amma takardar da ke cikin kwalin maganin tana gargaɗi ga masu irin wannan matsala, kuma ita ta riga ta ga yadda 'yan gidansa suka yi da barcinta da zuciyarta. Ba a rubuta mata ba. Ba ta ji daɗi ba, amma ta yi alkawarin ba za ta saya a kemis ba, kuma gwajin jinin Oktoba bai nuna alamar ta saɓa ba. Awon wannan wata: ƙasa 34 da rabi, sama 37 da kwata uku, tazara inci 3 da kwata.

Abin da lamarin ya nuna

Daga inci 1 da rabi zuwa 3 da kwata cikin shekara huɗu. Inci 1 da rabi na wannan ƙari a shekarar farko ya zo, kuma istirojin ne ya kawo shi. Wata bakwai na neman furojestaron sun ƙara kwata ɗaya a lokacin da jiki ya ƙara kilo 7, kuma kwatan ya tafi da kitsen. Ba za a ce lamarinta ya ƙaryata furojestaron ba, tunda ba ta taɓa shan na asali ba ko sau ɗaya. Ta dai sha danginsa uku, na farkonsu tun ranar da ta fara, a cikin ƙwayar da take ganin istirojin ce zalla. Ko wannan saurin haɗawa ya tauye girman nonon, mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci da shi.

Gudan jinin kuwa, a ganina etinil-estiradiyol ne babban mai laifi, da ƙarin da Primolut N ya yi masa, sannan allura, sigari, ƙishirwa da doguwar zama suka taru a wata ɗaya. Kwana goman da ta yi tana murza ƙafa su ne mafi haɗari a duk labarin.

Hana ta kai tsaye bai yi aiki ba, domin kemis yana nan a buɗe. Abin da ya riƙe ta shi ne an ba ta abin da ya fi na kemis aminci, kuma an zauna an karanta mata littafinta layi biyu tare, don ita na sama kawai take kallo. Da wani ya nuna mata tun Agusta 2022 cewa inci 3 shi ne abin da yawanci ke samu, kuma faɗin ƙirjin da balagar namiji ta gina yana sa nono ya yi kamar bai kai girmansa ba, da wuya ta nemi Primolut N. Masu karatu da yawa za su ce tun farko bai kamata ta shiga wannan hanya ba, kuma wannan magana ce da ake yi a gida da gaban malamai. Likitan da aka kai wa kumburarriyar ƙafa aikinsa ya san abin da aka sha, kuma bai samu amsa ba sai da ya fitar da yayar ya rufe ƙofa.

Uwar ɗakinta har yanzu tana shan ƙwaya uku a rana, ta haura shekara 40, kuma ta ƙi zuwa awo. An sa wa telar ranar komawa ganin likita a Janairu 2026, don a sake duba ko za a ci gaba da wafarin.